Tsadar Ƙananan Sojojin Tebur da Darajar da Ke Ɗorewa

Wasan yaƙi a kan tebur, wato wanda mutum biyu ke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji, suna auna tafiyarsu da tef suna kuma yanke sakamakon faɗa da ƙwayar jifa irin ta ludo, yana da tushe a Kriegsspiel, wanda rundunar Furusiya ta karɓa a 1824 don horar da hafsoshinta, kafin marubucin Ingila H. G. Wells ya buga dokokin wasan nishaɗi a littafinsa Little Wars a 1913. A yau kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma hedikwatarsa take Nottingham, shi ne jigon wannan kasuwa da wasanninsa na Warhammer.

Soja ɗaya tsawonsa kimanin milimita 28 ne zuwa 32, kuma yakan zo ne gunduwa-gunduwa a maƙale jikin firam na roba, babu ko ɗigon fenti. Robar ba ta da wani kuɗi. Abin da mai saye ke biya shi ne aikin mai sassaƙa, da ƙirar ƙarfe mai tsada da ake tura narkakkiyar roba a cikinta, da sunan kamfanin, sannan gam da burushi da kwalaben fenti da littattafan dokoki su biyo baya. Babbar matsalar ita ce, mai sayar da sojojin shi ne mai rubuta dokokin, saboda haka yana iya rage ƙarfin rundunar da mutum ya shekara yana tarawa da sabon bugu guda. Warhammer 40,000, da ya fito a 1987, ya kai bugu na goma a 2023, kuma a 2015 kamfanin ya rufe Warhammer Fantasy Battle gaba ɗaya, abin da ya bar dubban masu tarawa da rundunonin da babu sabon bugun wannan wasan dominsu har sai da aka farfaɗo da duniyar wasan a 2024.

Abin da sauyin doka ba ya taɓawa shi ne aikin hannu. Mai fenti yakan fara da shimfiɗar launi, sannan ya sa tsinkakken fenti mai duhu ya kwarara cikin lungunan sulke domin inuwa ta fito, daga bisani ya bi gefen kwalkwali da bakin burushi yana ɗora haske, aikin da kan ci sa'o'i a kan soja guda. Kasuwar kayan hannu na biyu ba kasafai take biyan waɗannan sa'o'in ba, har ma tsohon akwati da ba a buɗe ba yakan fi fentacciyar runduna samun masu so, don haka wanda ya shiga harkar da niyyar riba ya yi kuskuren lissafi. Ribar tana cikin ƙwarewar da hannu ke samu da nutsuwar zaman aikin, kuma gasar fenti ta Golden Demon, da ake yi tun 1987, ba ta tambayar ko sojan na iya cin wasa, kyan aikin kawai alƙalai ke dubawa.