Wa Ke Bin Ɗan Fim Bashin Hawaye?

A wannan fitowa za mu taɓa wata ɗabi'a da salula ta shigo mana da ita, har ta fara zama kamar wani hukunci. Idan ɗan fim ko mawaƙi ya rasu, kafin a gama yi masa sutura masu kallo sun buɗe littafin lissafi. Wane ya sa hotonsa, wance ba ta sa ba. Wane ya rubuta layi goma, wance kuwa “Allah ya jiƙansa” kawai ta ce, bayan sun yi fim ashirin tare. Sai a bi wanda ya yi shiru har shafinsa da zagi, wai ba shi da amana, wai dama can hassada yake yi wa mamacin.

Misalin da ya fi fito da abin fili daga Indiya ya zo, kuma yaranmu da ke kwana kan finafinan Indiya masu fassarar Hausa sun san mutanen. Ranar 14 ga watan Yuni 2020 aka tsinci gawar jarumi Sushant Singh Rajput a gidansa da ke Mumbai, yana da shekara 34. Kriti Sanon, wadda suka fito tare a fim ɗin Raabta na 2017, ba ta rubuta komai ba a ranar. Nan take aka yi mata ca, ita da ƙanwarta, ana cewa ba su da zuciya. Washegari tana cikin 'yan tsirarun abokan aikinsa da suka halarci jana'izarsa, a lokacin da cutar korona ta sa aka taƙaita taro. Daga baya ta yi rubutu tana kokawa cewa yanzu duk wanda bai bayyana alhininsa a intanet ba ana ɗaukarsa ba ya alhini, alhali sau da yawa masu shirun su ne abin ya fi ci. Addininsu daban da namu, jana'izarsu daban, wannan ba shi muke tattaunawa ba. Halin masu kallon muke dubawa, domin shi ne muke ji a fadojin samari a Maraɗi da Damagaram da Yamai duk ranar da aka yi rashi a Kannywood, kamar rasuwar Saratu Giɗaɗo, wato Daso, a ƙarshen azumin 2024. Lokacin da Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a farkon 2007, mutane sun ji labari, sun yi addu'a, sun ci gaba da harkokinsu. Babu wanda yake da hanyar ƙirga hawayen abokan aikinsa, kuma mamacin bai rasa komai ba saboda haka.

Daga ina wannan neman ya taso? Mai kallo ya shekara yana ganin mutum biyu a matsayin miji da mata, ko uwa da ɗa, har zuciyarsa ta ɗaura musu zumuntar da babu ita. Ya manta cewa sana'a ce ta haɗa su, kamar yadda kasuwa ke haɗa mai tumatir da mai albasa. Wasu abokan aiki aminai ne na gaske, wasu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, wasu ma akwai saɓani. Mai kallo bai san ko ɗaya ba, amma yana so a ƙarasa masa fim ɗin yadda ya saba gani: wanda aka bari ya fito ya yi kuka a gaban kyamara. Har za ka ga an zagi 'yar fim don ta sa tallar sabon aikinta mako guda bayan rasuwar wanda ya taɓa fitowa a mijinta. To jama'a, takaba za ta shiga? Takabar wata huɗu da kwana goma ta matar aure ce ta gaskiya. Duk wani mamaci da ba miji ba, shari'a ba ta yarda mace ta wuce kwana uku tana zaman baƙin ciki a kansa ba. Ummu Habiba, matar Annabi (SAW), da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana uku ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta kuma bayyana cewa ba sha'awar turaren take ba, iyakar da aka gindaya take tsarewa. Mahaifinta ke nan fa, ba abokin sana'a ba.

Ɗalibanmu na Larabci su lura da kalmar kanta. Ta'aziyya daga “aza'u” take, ma'ana haƙuri, kuma sigarta tana nuna sanya wani ya yi haƙuri. Ke nan tana da wanda ake nufa da ita, shi ne wanda aka yi wa rashi. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, abin da Annabi (SAW) ya umarta shi ne a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Haƙƙin mamaci wanka ne da sutura da salla da binnewa da addu'a da biyan bashinsa. Haƙƙin iyalansa lallashi ne da ɗauke musu nauyi. Mun duba babin jana'iza tun daga farkonsa har ƙarshensa, ba mu ga inda aka ware wa ɗan kallo nasa kason ba. Idan jaruma ta tafi gidan mamaci da dare, ta zauna da matarsa, ta bar abin da ta bari, ta sauke abin da ke kanta ko da ba wanda ya ɗauki hoto. Idan kuma ta cika Instagram da hotuna da alamar kuka, ba ta taka gidan ba, ba ta kira ba, to mabiyanta ta yi wa ta'aziyya.

Wannan ɗabi'a tana da tsohon suna. Larabawan jahiliyya suna da al'adar da ake kira is'adi: idan aka yi miki mutuwa, wata mata ta zo ta taya ki kururuwa, to kin ci bashi, ranar da aka yi mata sai kin je kin biya. Kamar dai bikin da matanmu ke yi wa juna a suna da aure, sai dai wannan da hawaye ake biyansa. A hadisin Ummu Aɗiyya da ke cikin Bukhari, lokacin da mata suke mubaya'a aka hana su kukan mutuwa irin na kururuwa, wata ta janye hannunta ta ce wance ta taya ta kuka, tana so ta rama mata. Dubi yadda abin ya kama zukata, har a wurin mubaya'a ana tuna bashin kuka. Musulunci ya soke wannan al'ada. Abin da muke gani yau ya ma fi na jahiliyya ban mamaki, domin a can wadda ta yi miki kuka ita ke bin ki. A nan kuwa mutumin da bai taɓa haɗuwa da mamacin ba, bai san ƙofar gidansa ba, shi ne ya zo karɓar bashin.

Kada a fahimce mu da cewa kuka laifi ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Risalar Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta nuna babu laifi a hawaye, daurewa ta fi kyau ga wanda zai iya, kururuwa ce aka hana. Wanda ya rubuta alhininsa da zuciya ɗaya, ya roƙa wa mamaci gafara, ya sa dubban mutane suka ce amin, ya yi alheri. Matsalar tana wurin tilastawa. Ranar da ɗan fim ya gane cewa shirunsa zai jawo masa zagi da asarar mabiya, zai rubuta, amma don tsoron mutane. Mun tura shi ga riya da hannunmu, a kan addu'a, wadda ba ta da wani amfani ga mamaci sai da ikhlasi. Su kuma masu zagin sun afka cikin mummunan zato da bin diddigi, abubuwan da Suratul Hujurati ta hana a aya guda. Usama ɗan Zaid ya yanke hukunci a kan abin da ke zuciyar wani mutum a fagen yaƙi, Annabi (SAW) ya tsananta masa, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar ne ya gani. Mu ko fagen ba mu je ba, shafin mutum kawai muka leƙa.

Abin takaici, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. A gidajenmu uwa tana kawaici a kan ɗan fari, ba ta kiran sunansa, kuma idan ya rasu sau da yawa ita ce za ka ga ta fi kowa shiru a ɗaki. Ba wanda ya taɓa cewa ba ta son ɗanta.

Sai dai masu kallo suna da wata magana da ba za mu watsar ba. Suna cewa: mutanen nan komai nasu a waya yake, sabuwar mota, ranar haihuwa, tallar atamfa, don me sai a mutuwar abokin aiki za su tuna da sirri? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma 'yan fim su ma su ji. Wanda ya mai da rayuwarsa kasuwa, kada ya yi mamaki idan masu saye sun nemi abin da bai kasa ba. Wasunsu ma sun wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, ana tsaka da binne mutum suna ɗaga waya a maƙabarta, ana zaman makoki ana gyara tsayuwa don hoto.

Amma in dai amana ake son aunawa, an ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Sau nawa muka ga tsofaffin 'yan wasa sun fito a bidiyo suna neman kuɗin magani ko na haya? Marigayi Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya rasu a Jos a 2025, sai da ya kai ga neman taimakon jama'a a ƙarshen rayuwarsa, ga tsufa ga ciwon ido, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. A wancan lokacin ne tambayar “ina abokan aikinsa?” take da amfani, domin amsarta za ta iya zama buhun shinkafa ko kuɗin asibiti. Kuma tambayar ba ta tsaya kan 'yan fim ba, ta haɗa da duk wanda ya shekara talatin yana dariya da wasan mutumin nan, sannan ya ga bidiyon roƙonsa ya wuce zuwa na gaba.