Takardun aro: sharhi kan "The Museum" na Leila Aboulela

Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya saba da wannan fitowar. An raka jarumi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, uwa ta share hawaye ta sa albarka, jirgi ya ɗaga. A shafi na gaba shekara huɗu sun wuce, ga shi ya sauko ya yi haske ya murje, digiri a jaka, Turanci a baki. Shekarun nan huɗu kuwa, waɗanda su ne karatun, ko yini ɗaya ba a nuna mana daga cikinsu ba. A irin waɗannan labarai ƙasar waje ɗakin ajiya ce: a kai mutum can a rufe, ranar da marubuci ya buƙace shi a ɗauko shi da sabuwar daraja.

Ba marubutanmu kaɗai ke tsallake aji ba. A littafin Chinua Achebe na 1960, No Longer at Ease, ƙungiyar mutanen Umuofia ta tara fam 800 ta tura Obi Okonkwo Ingila ya karanta shari'a, shi kuma ya karanto Turanci, amma littafin na abin da ya same shi ne bayan ya dawo Legas. Mai ba da labari a Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966, ya yi shekara bakwai yana karatu a Turai, mu kuma sai ranar da ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu muka fara haɗuwa da shi.

Shi ya sa nake ganin gajeren labarin Leila Aboulela mai suna "The Museum", wato gidan adana kayan tarihi, ya cancanci mu tsaya a kansa. Marubuciyar 'yar Sudan ce, an haife ta a Alƙahira a 1964, ta tashi a Khartum, ta yi digiri na biyu a fannin ƙididdiga a Landan, sannan ta koma birnin Aberdeen na Sikotland da zama a 1990. Da wannan labarin ta ci kyautar Caine a 2000, shekarar da aka fara bayar da ita. Yana cikin tarin labaranta Coloured Lights na 2001, an kuma sake saka shi a Elsewhere, Home na 2018. Da Turanci yake, kuma a zama ɗaya ake karance shi.

Labarin na Shadia ne, budurwa 'yar Khartum da ke digiri na biyu a ƙididdiga a Aberdeen, karatun kuma yana neman kayar da ita. Ba ita kaɗai ba. Sauran ɗaliban Afirka, da 'yan mata biyu daga Turkiyya, da wasu daga Brunei, duk ruwa ɗaya ke cin su. An gina kwas ɗin ne a kan wani tushe da ake zaton kowa ya zo da shi, su kuwa ba su zo da shi ba. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin wani ɗan ƙasar ne, Bryan, mai dogon gashi da ɗan kunne, wanda a jami'ar ya yi digirinsa na farko. Shadia tana ƙyamar kamanninsa, tana kuma buƙatar takardun darasinsa na baya. Ta cije ta roƙe shi aro. Daga wannan aron komai na labarin ya taso.

Wanda ya karanci lissafi, ko kimiyyar kwamfuta kamar ni, zai gane ciwon nan take. Waɗannan fannoni hawa-hawa suke kamar tsani. Ɗaya daga cikin darussan Shadia, na gano alaƙar da ke tsakanin wasu adadi da wasu, yana tsaye ne a kan aljabarar lambobin da ake jerawa cikin jadawali. Wanda bai ƙware a ita ba, duk abin da malami ya rubuta a allo zane ne kawai a idonsa. Malamin ba zai koma baya ba, don a wurinsa an gama wannan tun bara. Digiri na biyu a Birtaniya kuma galibi wata 12 ne, babu lokacin rama bashi. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan matsalar: manhaja lafiyarta lau, amma ta dogara da wata da ba a girka a na'urar ba, sai ta ƙi tashi, wanda bai sani ba ya ce na'urar ce ba ta da ƙarfi. Haka Shadia take kallon kanta. Da ta zauna da takardun Bryan sai ta tarar da matakalar da ta ɓace mata. Ashe abin da ya raba ta da shi tarin takardu ne, waɗanda shi a aji ya same su, ita kuwa sai da ta zubar da girmanta kafin ta riƙe su. Ban san wani labarin da ya ɗauki wannan ƙaramin abu ya ɗora masa nauyin da ya dace da shi kamar wannan ba.

Sannan ba ta da wanda za ta faɗa wa. A gida akwai Fareed, wanda aka yi musu baiko, ɗan masu kuɗi da ke riƙe da harkar lemon 7Up, yana can yana gina musu wurin zama. Idan ya bugo waya, maganarsa ta kayan banɗaki ce da yake so ta sayo, masu ruwan zinariya, har da mazaunin masai. Akwai uwarta, wadda mijinta likita ya auro wata, ta ɗora burinta a kan 'yarta ta dawo da digiri don dangin miji su ga girmanta. A cikin waɗannan wa za ta ce wa tana tsoron faɗuwa? A idon mutanen gida, wanda ya hau jirgi ya riga ya ci nasara, in ya yi kuka ma kukan daɗi ne. Aboulela ta nuna yadda wannan shirun ke cin mutum ta ƙananan hanyoyi: gashin da yanayin garin ya hana kwanciya, da asubar da ta kuɓuce mata a garin da ba a jin kiran salla.

Wani abin yabo shi ne marubuciyar ba ta mayar da Shadia waliyyiya ba. Da suka zauna shan kofi, ta gaya wa Bryan mahaifinta babban likita ne, shi kuma ya ce nasa kafinta ne. Ta ce ba ta son ɗan kunnensa, ya cire shi. Ta kwatanta kogin Dee na garin da Nilu, ta ce nasu rafi ne. Girman kai ne tsagwaro, amma mai karatu yana ganin daga inda ya fito. Yarinya ce da ta saba ana girmama gidansu, yau ta tsinci kanta a ƙasan aji, tana roƙon ɗan kafinta. Da yawa daga cikin waɗanda muke turawa waje haka suke: ko 'ya'yan masu hali, ko waɗanda tun firamare ba su taɓa zuwa na biyu ba. Karon farko da suka ɗanɗani zama a baya, a baƙon gari suka ɗanɗana shi. Wariya tana nan a labarin, don an farfasa tagogin gidan Badr, abokin karatunsu ɗan Malesiya, har matarsa ta ji tsoron fita. Duk da haka Bryan bai zama wakilin azzalumai ba. Ɗan talaka ne mai kunya daga garin Peterhead, wanda ya karanta wani abu game da Musulunci a makaranta, har yake ce mata ya taɓa zuwa Makka a cikin littafi. Shi ma neman hanyar barin inda ya tashi yake.

Daga nan ne Bryan ya gayyace ta gidan tarihi don su ga kayan Afirka, a zatonsa abin zai faranta mata. Ta je, tana sane da cewa mai baiko bai kamata ta je ba, tana fatan ganin wani abu da zai tuna mata gida. Abin da ta tarar mutum-mutumin wani Baturen Sikotland ne na zamanin Sarauniya Biktoriya zaune a tsakiyar kayan da ya kwaso, sai bindigogi da namun daji. Afirkar da ke cikin gilasan nan babu irinta a ciki. Ta fashe da kuka. Bryan ya ce mata gidajen tarihi suna canzawa, shi ma zai iya canzawa. Ita kuwa ba ta da sauran ƙarfin yi masa bayani.

A nan nake da ja da labarin. Abin da takardun aro suka riga suka nuna a hankali, cewa an tsara ilimin wurin ne don 'yan gida kuma baƙo sai ya nemi hanyar shiga, gidan tarihin ya zo ya maimaita shi da lasifika. Bindigar ɗan mulkin mallaka abu ce mai sauƙin tsana, ba ta buƙatar mai karatu ya yi wani tunani. Haka ma Fareed. Mazaunin masai mai ruwan zinariya yana ba da dariya, amma ya sauƙaƙa mana hukunci. Da an yi shi mutumin kirki mai saurare, wanda duk da haka ba zai iya gane halin da take ciki ba, da nauyin da ke kan Shadia ya ninka, kuma da ya fi kama da abin da ke faruwa a gidajenmu, inda masu ƙaunarka ne suke kasa jin ka.

Sakin layi na ƙarshe ne ya ceto fitowar, don ya koma ga lissafi. Marubuciyar ta ce da Shadia tana da ƙarfi, da ta koya wa Bryan haruffan Larabci, waɗanda lanƙwasarsu ta yi kama da alamomin efsilon da gamma da ya riga ya sani a lissafi, ta nuna masa ana karatu daga dama zuwa hagu. Wato ita ma tana da takardun da za ta ba shi aro. Gajiya ce ta hana. Ɗalibin da ke waje ana so ya ci jarrabawa, ya zama jakadan ƙasarsa da addininsa ga duk mai tambaya, ya kuma riƙa aika labari mai daɗi gida. Shadia ta kai inda ba za ta iya ɗaukar ukun tare ba.

Akwai jimla ɗaya a farkon labarin da mai karatu daga Najeriya ba zai wuce ta da sauri ba. Asafa, ɗan Habasha da ke ajin, ya gaya wa 'yan uwansa baƙi cewa bara wani ɗan Najeriya da ke wannan kwas ɗin ya kashe kansa. Ba suna, ba gari, ba a sake ambatonsa ba. A cikin labarin, aikin jimlar tsoratarwa ne, irin raɗe-raɗin da ɗalibai ke yi a baranda. Ban ga laifin Aboulela ba, labarin Shadia take bayarwa. Amma wannan mutumin shi ma wasu ne suka raka shi filin jirgi suka sa masa albarka, kuma labarinsa ba aikin marubuciyar Sudan ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kayan rubutu kuwa ba mu rasa su ba. Khartum ɗin da Shadia take kewa ta kasance ƙasar wajen ɗaliban Hausa masu yawa, musamman a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, a motocin bas aka kwashe ɗaliban Najeriya zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jiran a bar su su shiga. A 2024, bayan faɗuwar darajar naira, wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da karatunsu, aka umarce su su bar ƙasar. Ga na Indiya, da Masar, da Malesiya, da Madina. Waɗannan mutane suna cikinmu, wasunsu ma suna karanta wannan shafin.

Abin da marubucin Hausa zai ɗauka daga "The Museum" ba shi da wuyar faɗa: in ka tura jaruminka karatu, bi shi har cikin aji. Ka san wane darasi yake yi, a wane mako zaren ya tsinke masa, wa ya roƙa aron takardu, da abin da ya ce wa Hajiya ranar da ta kira ta tambaye shi ya karatu.