Daga Alli Zuwa Kujera: Tsokaci Kan Shirya Malaman Jami'a Domin Shugabanci

Tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Minna, a 1983 ƙarƙashin Farfesa J. O. Ndagi, hanyar samar da shugaban sashe ko tsangaya ba ta bambanta da ta sauran jami'o'inmu ba: a dubi muƙami da yawan wallafa, a miƙa kujera. Wannan maƙala tana ganin akwai gyara.

Ƙwarewa a nahawu ko injiniyanci ba ta koyar da kasafin kuɗi, ko rabon darussa, ko sasanta malaman da ba sa ga-maciji. Gwamnati ta kafa ASCON ta Badagry a 1973 domin ma'aikatanta, da NIPSS ta Kuru a 1979 domin manyan jami'ai. Malamin jami'a kuwa, galibi 'yar bita ake shirya masa bayan naɗi, wato ihu bayan hari. Asarar ta fi tsanani a ƙananan sassa irin na harsunan Nijeriya, inda akan rasa manazarci, kuma ba a sami shugaba ba.

Shawararmu ita ce a fara horon tun malami yana jami'in jarrabawa na sashe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.