Jinjina ga masu yi wa baƙi jagora a gidan kason Cape Coast

A 1653 'yan kasuwar Suwidin suka kafa sansanin katako a bakin tekun Ghana ta yau, suka raɗa masa suna Carolusborg. Ya yi ta sauya hannu har Turawan Ingila suka ƙwace shi a 1664, suka mayar da shi ginin dutsen da aka tsare dubban bayi kafin a loda su jirgi. Dutse ba ya magana, shi ya sa masu yi wa baƙi jagora a wurin suka cancanci yabo. Su ne ke gangarawa da mutum ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su nuna masa daɓen da ƙazantar fursunoni ta daskare a kai, su ɗaga yatsa su ce ga cocin da aka yi a saman wannan ɗaki. Daga nan su raka shi ƙofar da in bawa ya fita ba ya dawowa.

Wasu na cewa karɓar kuɗin shiga ciniki ne da baƙin cikin kakanni. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma iskar teku mai gishiri tana cin bango kullum, gyara kuwa sai da kuɗi. Kuma ba don bakin jagora ba, baƙo zai ga farin gini da igwa, ya ɗauki hoto ya wuce. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1979, amma waɗannan bayin Allah ne ke riƙe da labarin kowace safiya. Idan ka je, ka saurare su da kyau.