Kakannin da Suka Iya Sauraro

A harabar ƙananan asibitocin unguwa na Harare, babban birnin Zimbabuwe, akan ajiye wani bencin katako a gefe, galibi a inuwar bishiya, nesa kaɗan da layin masu karɓar magani, yadda maganar da ake yi a kansa ba za ta kai kunnen kowa ba. Wata tsohuwa ce ke zama a kai, da takarda da biro a cinyarta. Ba ta yi karatun likita ba, ba kuma nas ba ce. Duk da haka mutanen da damuwa ta kusa kai su ƙasa suna zuwa su zauna gefenta, zama kamar shida, su tashi da sauƙin da masana suka auna suka tabbatar. Aikin wannan tsohuwa nake so in yaba, domin sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma duk wadda ta iya ta, ta iya abu mai wuyar gaske.

Ciwon da ake kawo mata a kan bencin shi ne wanda muke kira ciwon damuwa. Ya wuce ɓacin ran yini ɗaya ko biyu. Mutum zai yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a dagule kusan kullum, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita masa a rai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya ƙi ciwuwa, jiki ya mutu, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. Idan abin ya yi tsanani har yakan ji gara a ce ba ya duniya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu wannan ciwo sun kai miliyan 280, kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi fiye da kashi 75 cikin ɗari na masu irin wannan larura ba sa samun wani magani. Mutanen Shona, mafi rinjaye a Zimbabuwe, suna da sunan da suka ba shi tun tuni: kufungisisa, wato yawan tunani. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan, domin mu ma mun saba cewa wane tunani ya yi masa yawa.

Asalin bencin daga wani rashi ne. A shekarar 2005 likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda yana cikin likitocin wannan fanni kimanin 12 da ke duba ƙasar baki ɗaya. Wata matashiya da yake kula da ita ta koma garinsu mai nisa, ciwon ya taso mata, iyalinta ba su da kuɗin motar kawo ta Harare, kimanin dala 15. Kafin a samu kuɗin ta hallaka kanta. A shekarar ce kuma gwamnati ta rushe gidaje da rumfunan talakawa a birane, abin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ya raba mutum kusan 700,000 da muhalli ko abin yi. Chibanda ya ga cewa idan sai an zo wurinsa za a samu taimako, yawancin mutane ba za su taɓa samu ba. Babu kuɗi, babu ɗakuna, nas-nas kuma aikin masu cutar ƙanjamau da na mata masu juna biyu ya sha kansu. Abin da hukumar lafiya ta birnin ta iya ba shi shi ne tsofaffin mata 14 da dama suke aikin wayar da kan jama'a a unguwanni. Da su ya fara a 2006, a tsohuwar unguwar Mbare.

Darasin farko daga wurinsu ya zo. Da aka sa wa wurin sunan da ke nuna lafiyar ƙwaƙwalwa, mutane suka ƙi zuwa, don ba mai son a nuna shi da baki a ce ya taɓu. Tsofaffin suka ba da shawarar a canza suna, aka koma kiransa Friendship Bench, wato bencin zumunci. Suka kuma ajiye manyan kalmomin asibiti, suka sa wa matakan aikin sunaye da harshen da masu zuwa suke mafarki da shi.

Mataki na farko suna kiransa kuvhura pfungwa, buɗe zuciya. Mu ɗauki misalin wata mai sayar da tumatir, shekarunta ba su wuce 30 ba, nas ta turo ta benci bayan ta yi ta zuwa da ciwon kai da ciwon jiki an rasa dalili. Kakar ta gaishe ta, ta gaya mata sunanta, ta tabbatar mata cewa abin da aka faɗa a nan, nan zai tsaya. Sannan ta ce, "'Yata, ina nan dominki. Ko za ki ba ni labarinki?"

Sai ta yi shiru. Wannan shirun shi ne rabin sana'ar. Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta, minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Wanda bai koyi aikin ba a nan zai kasa jurewa, ya cike gurbin da tambaya ko da ban-haƙuri. Kakar ba ta motsa ba, ba ta kalli agogo ba, ba ta kawar da fuska ba. Can sai maganar ta ɓalle kamar an fasa tulu: miji ya tafi neman aiki ƙetare ya daina aike, mai gida yana ta zarya kan kuɗin haya, an koro yaro daga makaranta, dare ya zama abin tsoro don barci ba ya zuwa. Ta yi kuka, aka bar ta ta yi abinta. Da ta tsagaita, kakar ta mayar mata da maganarta a taƙaice: "In na ji ki da kyau, abu huɗu kika ambata. Maganar mijinki, da haya, da makarantar yaro, da rashin barci. Akwai wanda na tsallake?" Wannan mayarwar tana aiki biyu. Matar ta tabbata an ji ta da gaske, sannan abin da ta shigo da shi dunƙule kamar dutse a ƙirji ya rabu gida huɗu, kowanne da sunansa.

Tausayi kaɗai bai isa ba, shi ya sa ake da ma'auni. Akwai wasu tambayoyi 14 da aka tsara a Harare tun shekarun 1990 daga irin kalmomin da Shonawa ke bayyana damuwarsu da su, amsar kowacce i ko a'a: ko a makon da ya wuce tunani ya yi miki yawa, ko barci ya gagara, ko kin ji kamar ki yi kuka, ko aikin yau da kullum ya fi ƙarfinki. Daga yawan amsoshin ake gane nauyin ciwon, kuma da su ake sake aunawa daga baya don a ga ko ana samun ci gaba. A cikinsu akwai tambayar da yawancinmu muke jin nauyin yi: ko mutum ya yi tunanin kashe kansa. Kakar tana yin ta kai tsaye, da murya a kwance. Masana sun daɗe da gano cewa yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar sauke abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Mataki na biyu shi ne kusimudzira, ɗaga mutum. Kakar ta ce, "A cikin huɗun nan, da wanne kike so mu fara?" Ƙila a ranta tana ganin haya ce ta fi gaggawa, amma matar ta zaɓi makarantar yaro, don ganinsa zaune a gida shi ke hana ta sukuni. Kakar ta bi zaɓinta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan suka shiga lissafa hanyoyi, kuma daga bakin matar suke fitowa: ta je ta roƙi shugaban makaranta a bar ta ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, ta nemi rance wurin yayarta, ta shiga adashe da abokan kasuwa, ta ƙara ganye a kan tumatirin. Duk abin da ta faɗa sai kakar ta rubuta, ko da mai rauni ne, ba tare da ta yatsina fuska ba. Sai da suka tara sannan suka auna kowace hanya, amfaninta da wahalarta.

A nan ne nake ganin ƙololuwar gwanintar. Tsohuwar da ta haifa, ta aurar, ta binne nata, ta ga jiya ta ga yau, bakinta cike yake da shawara, kuma al'ada ta ba ta ikon faɗa a ji. Aikin benci yana neman ta riƙe wannan duka. Dalilin kuwa yana cikin yadda ciwon yake: yana sa mutum ya yarda cewa ba abin da zai iya. Idan wani ya warware masa matsala, an rage masa kaya ɗaya, amma wannan mugun zaton yana nan daram. Idan kuwa shi ya nemo hanyar da kansa, ya gwada ta yi, to zaton ne ya fara tsagewa, kuma ya tafi da dabarar da zai yi amfani da ita gobe ko kakar ba ta nan.

Mataki na uku, kusimbisa, ƙarfafawa, shi ne mayar da zaɓi ya zama shiri. "Zan je makarantar" bai wadatar ba. Wace rana? Ƙarfe nawa? Wa zai tsare miki tumatirin? Me za ki fara cewa idan kin shiga ofis? Mai ciwon damuwa ƙaramin aiki kan zame masa tsauni, don haka ake yanka shi ƙanana har ya zama abin da ƙafa za ta iya takawa. Mako mai zuwa ta dawo a duba abin da ya faru, wannan shi ne kusimbisisa, ƙara ƙarfafawa. In ta je, a yaba mata. In ta kasa, ba faɗa ba gori, sai a duba abin da ya tare ta a sake shiri. Sannu ba ta hana zuwa. Waɗanda suka gama zamansu ana gayyatarsu cikin wata da'ira mai suna Circle Kubatana Tose, ma'ana riƙe hannun juna, inda suke hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji don sayarwa.

Gwani na gaske ya san iyakarsa, kuma wannan ma an koya wa kakannin. Idan mutum ya nuna yana shirin hallaka kansa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko an yi zama bayan zama ciwon bai sassauta ba, kakar ba ta riƙe shi. Takan miƙa shi ga na sama da ita, nas ko likita, a sake dubawa, a ba da magani in ya kama. Magungunan da aka fi samu a irin waɗannan asibitoci su ne amitriptyline da fluoxetine. Na farkon yakan sa barci da bushewar baki, shi ya sa ake shansa da dare, na biyun kuma galibi da safe. Ba kamar maganin ciwon kai suke ba, sukan ɗauki makonni kafin a fara jin amfaninsu, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su watsar. Bayan an ji sauƙi ma ana ci gaba da sha na aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, kuma ba a dainawa farat ɗaya sai da shawarar likita. Likitan yakan tambaya ko mutum ya taɓa shiga wani yanayi na zumuɗi da rashin barci da yawan magana fiye da kima, domin mai irin wannan larura maganinsa daban ne. Benci da kwalbar magani ba kishiyoyi ba ne. Mai ciwo mai sauƙi hira mai tsari kan ishe shi, mai tsanani kuma ya fi samun lafiya idan aka haɗa masa biyun.

An gwada aikin da ma'aunin kimiyya. A watan Disamba na 2016 mujallar likitoci ta JAMA da ke Amurka ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 24 na Harare da mutum 573. An raba asibitocin biyu: wasu da benci, wasu da kulawar da aka saba. Bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da kakanni ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 50. Horon da matan suka samu kafin binciken na kwana tara ne, sai kulawar masu duba aikinsu a kai a kai. Daga baya tsarin ya bazu a faɗin Zimbabuwe, ya ƙetara zuwa Malawi da Kenya da Zanzibar, har birnin Niyok.

Mu ma muna da irin waɗannan mata. Kowace unguwa tana da gwaggo ko inna da ake kai wa kuka, wadda cikinta ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da yakan rage mana shi ne gaggawa: mutum bai rufe baki ba mun ce masa ya yi haƙuri, ya bar wa Allah. Maganar gaskiya ce, amma idan ta riga sauraro zuwa, sai ta zama murfi. Addu'a da neman magani tafiyarsu ɗaya, kamar yadda muke yi da zazzaɓi da hawan jini. A Najeriya an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri. Wanda ya ga alamun nan a jikinsa ko a wani nasa, ya fara da asibitin da ya fi kusa, ya faɗi abin da yake ji ba tare da ragi ba.

Wanda kuma aka zo wa da kuka, yana da abin koyi a wurin kakannin Harare. Ya matsa ya ba da wurin zama, ya riƙe shawararsa tukuna, ya bari a kai aya. Idan ya ji abin ya fi ƙarfinsa, ya tashi ya raka mai kukan wurin likita da ƙafarsa, in ta kama ma ya biya kuɗin motar.