"Jikinsa Ya Shanye": Kalma Ɗaya, Cuta Biyu

Daga Birnin Kudu har Gwaram, duk wanda hannu ko ƙafa ta daina yi wa aiki, magana ɗaya ake yi: "jikinsa ya shanye." Dattijo mai hawan jini da ya faɗi a banɗaki, da ɗan acaɓan da mota ta kaɗe, da manomin da ya faɗo daga kan ɗorawa, duk kuɗin goro ake yi musu. Masu faɗakarwa kan lafiya ma sukan tsaya ga "a garzaya asibiti." Shawarar daidai ce, amma ragaggiya ce, kuma abin da aka rage ɗin yana iya gurgunta mutum har abada.

Jijiyoyin da ke ba gaɓoɓi umarni suna tasowa daga ƙwaƙwalwa, su gitta juna a ƙasanta, sannan su gangara ta laka, wadda ke cikin ƙashin baya. Shi ya sa idan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya samu illa, ɓarin dama na jiki ne ke mutuwa: baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda su saki, sau da yawa magana ta sarƙe.

Ita kuwa laka, idan ta taɓu, galibi gefe biyu ne ke tafiya tare, daga inda raunin yake zuwa ƙasa. Fuska lafiya lau, magana garau, amma ƙafafu biyu sun mutu, fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba. Akan ma samu iyaka a jiki: a taɓa sama da cibiya ya ji, ƙasa da ita shiru. In a wuya ne, har hannaye da numfashi kan shiga ciki.

To, me ya sa bambancin ke da muhimmanci? Domin taimakon farko ya sha bamban. Mai matsalar ƙwaƙwalwa da lokaci yake tsere: maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna. Kada a ba shi asfirin a gida, don wataƙila jijiya ce ta fashe. Wanda ake zargin lakarsa ta taɓu kuwa, gaggawar ce kan ƙarasa shi: a ciccibe shi hannu da ƙafa, a lanƙwashe shi a bayan mota, ƙashin da ya tsage ya datse lakar. A kwantar da shi a miƙe kan katako ko ƙyaure, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, a nufi Asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kudu. Mai ɗori ba shi da hurumi a nan.

Don haka mai faɗakarwa ya koya wa jama'a tambaya uku: gefe ɗaya ko biyu? Bakin ya karkace? Faɗuwa ko haɗari aka yi? Duk wanda ke wurin zai iya yin su kafin a ɗaga mara lafiya.