Gwanin Saita Kayan Sauti a Gidan Bene

Akwai wata sana'a da ba a ba ta girman da ta cancanta ba, ita ce ta masu zaɓar kayan sauti su jera su a falo har kallon fim a gida ya kusanci na sinima. Da yawa suna ɗauka aikin bai wuce a jona waya nan, a jona can, a ƙure ƙara ba. Wanda ya taɓa zama a falon da gwani ya saita ya san abin ya fi haka. Maganar ɗan wasa tana fitowa tar daga tsakiyar talabijin ko da raɗa yake yi, ruwan sama yana sauka ta bayanka, a buɗe ƙofa ta hagu ka waiwaya ba ka shirya ba. Kuma duk wannan yana faruwa jaririn da ke barci a hawan ƙasa bai ko motsa ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi burge ni, domin a gidan bene ko fulat ɗin haya bangonka bangon wani ne, daɓenka kuma rufin wani.

Gwani ba ya fara da kanti. Yana shigowa sai ya tsaya a tsakiyar falo ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne. Idan tafin ya mutu nan take, ɗakin mai sauƙin sha'ani ne. Idan ya bar wata 'yar ƙara mai kaifi tana kai da komo, to akwai aiki. Falukanmu na zamani kuwa galibi irin na biyun ne: tayil a ƙasa, bulo da siminti a gefe, silin mai santsi a sama, ga faffaɗan gilashin taga. Babu abin da zai sha sauti, sai dai ya yi ta dukan bango yana dawowa, na baya yana hawa kan na gaba, har magana ta cuɗe. Mai gida sai ya ƙara murya don ya ji abin da ake faɗa, ƙarin kuwa ya ƙara dagula lamarin.

Wannan ilimi yana da asali. A 1895 aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca da ba a iya fahimtar mai magana a cikinsa, saboda kalma ɗaya takan yi sama da daƙiƙa biyar tana yawo. Da dare shi da mataimakansa sukan yi jigilar matasan kujeru daga wani zaure na kusa, su jera, su busa bututun kiɗa, su auna da agogo tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin ya ɓace. Daga nan ya fitar da lissafin da aka yi amfani da shi wajen gina zauren kaɗe-kaɗe na Boston da aka buɗe a 1900. Abin da gwanin falo yake yi yau jikan wannan aikin ne. Zai ce a shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, a rataya labule mai nauyi, a bar kantar littattafai a bangon gefe. Wani ma yakan sa mai gida ya zauna a mazauninsa, shi kuma ya riƙa jan madubi a jikin bango. Duk inda mai zaune ya hango lasifika a madubin, nan ne sauti ke fara dira kafin ya iso kunne, nan za a sa abu mai laushi.

Sai bayan haka ake maganar sayayya, kuma a nan gaskiyar gwani take bayyana. Lambobin da ake gani a kwali, 2.1 ko 3.1 ko 5.1, ƙidayar lasifikoki ce: lambar farko ta masu fitar da magana da kiɗa, ɗayan da ke bayan ɗigo kuma na wufa mai fitar da rugugi. Tsarin 5.1 ya shiga sinima sosai ne da Dolby Digital a 1992, a fim ɗin Batman Returns, DTS ta biyo baya a 1993 da Jurassic Park, sannan Dolby Atmos mai ƙara sauti daga sama ya zo a 2012. Duk suna da daɗi, amma gwani zai fara tambayarka, "Ranka ya daɗe, me aka fi kallo a gidan nan?" Idan amsar ita ce labarai da ƙwallo da fina-finan Hausa masu dogon zango a YouTube, yawancinsu da sauti mai hanya biyu kawai aka naɗe su, hagu da dama. Lasifika bakwai ba za su ƙirƙiro abin da babu ba. Zai ba ka shawarar biyu masu kyau, in da hali a ƙara ta tsakiya, domin a fim mai tsarin 5.1 kusan duk magana ta nan take fita. Idan falon ƙarami ne ƙwarai, ba ya jin kunyar cewa doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin ta isa, a jona ta da wayar HDMI a ramin da aka rubuta ARC ko eARC, rimot ɗaya ya riƙe komai.

Ba ya ruɗuwa da kwalin da aka rubuta wat dubu biyar da manyan haruffa. Ya san idan an ga PMPO kusa da lambar, ado ne na 'yan talla, lambar RMS ita ce ta aiki, ita ma ba ita ce komai ba. Ninka ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke tura lasifikoki, sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, kunne kuwa sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma, kafin ya ji kamar ƙarar ta ninka. A falo mai mita huɗu, 'yan wat kaɗan ne ake ci a kallon yau da kullum. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Akwai kuma abin da duk mai sayen na hannu a Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano ya kamata ya duba: kayan da aka yi don kasuwar Amurka da wuta mai ƙarfin 120 suke aiki, tamu kuwa 230 ce. Gwani yakan juya bayan na'urar ya karanta kafin ta kusanci soket, ya kuma nace a sa sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta da sauyawa zuwa janareto.

Jerin lasifikoki aikin tef ɗin awo ne. Ta hagu da ta dama su yi nisa ɗaya da mai zaune, kowace ta karkata kusan digiri 30 daga tsakiya, yadda su biyun da kan mai kallo za su yi kusurwa uku masu tsawo ɗaya. 'Yar ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti ta yi daidai da tsayin kunnen wanda ke zaune, don siririn sauti miƙe yake tafiya, ba ya kwana. Na baya, duk da sunansu, a gefe suke zama, an ɗan ja su baya zuwa digiri 110 ko kusa da haka, an ɗaga su kaɗan sama da kai. Ita ma kujerar gwani yakan roƙi uwargida a janye ta daga jikin bango ko da kamu biyu ne, saboda a jikin bango rugugi ke taruwa. Zai bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi; aka juya guda ɗaya, lasifika ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, sai kaurin sautin ya zube, muryar ta rasa mazauni. Sannan ya shigar da nisan kowace a cikin na'urar da ke rarraba musu sauti. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ta fi kusa da mita ɗaya tana riga sauran isowa da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Ƙanƙanin lokaci ne, amma kunne yana kama shi ya ja hoton sautin zuwa wannan gefen. Na'urar sai ta ɗan jinkirta ta kusa har duka su iso tare.

Wufa ita ce jarrabawar gaske. Siririn sauti bangon bulo yana tare shi cikin sauƙi, amma rugugi ba ya jin bango. Igiyar sauti mai karkarwa sau 40 a daƙiƙa, wato 40 Hz, tsawonta ya haura mita takwas, ta fi falon kansa. Tana girgiza daɓe, ta bi kankare da ginshiƙi ta ɓulla a ɗakin barcin wani, shi ba ya jin fim ɗin, dum-dum kawai yake ji a ƙirji. Kwalin ƙwai ko soso da wasu ke mannawa a bango ba sa hana wannan ko kaɗan. Soso yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki ne, hana sauti fita kuwa sai nauyin gini da toshe kafofi. Mai haya ba shi da ikon sake gini, saboda haka dabara ce kaɗai ta rage masa.

Dabarar farko tana da ban sha'awa a gani. Gwani yakan ɗauki wufar ya ɗora ta a kan kujerar mai gida, daidai inda ake zama, ya sa kiɗa mai rugugi yana maimaituwa, shi kuma ya durƙusa yana rarrafe a gefen bangon yana saurare. Dalili shi ne a kowane ɗaki rugugin da ya tafi da wanda ya dawo suna haɗuwa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Ɗaki mai tsawon mita huɗu yakan kumbura sautin da ke wajen 43 Hz. Inda ya ji rugugin ya fito sumul, kowane bugu a rarrabe, nan ne mazaunin wufar, domin hanyar da sauti ya bi ya zo ita zai bi ya koma. Yakan guje wa lungu, don lungu yana ƙara ƙarfin rugugi kuma yana ɗora shi kan bango biyu lokaci guda. Yakan guje wa bangon da aka haɗa da maƙwabci. Sau da yawa ma yakan kawo wufar dab da kujera: tunda tana kusa, kaɗan za a buɗe ta mai kallo ya ji ta a jikinsa, abin da zai kai bango kuwa ya ragu. A ƙarƙashinta sai ya sa katako bisa roba mai kauri don girgizar akwatin kada ta shiga daɓe kai tsaye. Ya saita mararrabar sauti, inda wufa ke karɓar aiki daga sauran lasifikoki, a 80 Hz, ma'aunin da kamfanin THX ya yaɗa, domin ƙasa da nan kunne ba ya iya nuna daga ina rugugi yake fitowa, sai ka rantse daga talabijin ne alhali wufar tana gefen ƙafarka.

Na'urorin yanzu suna zuwa da ɗan makirufo na gwaji. Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha tana da YPAO. A kafa makirufon a tsayin kunne, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a yi tsit, na'urar ta yi ta fitar da wata ƙara tana auna ɗakin. Taimako ne babba, amma gwani ba ya miƙa mata wuya. Yakan koma ya duba abin da ta yanke, ya gyara inda ta ɗauki ƙaramar lasifika a matsayin babba, ya ƙara wa ta tsakiya desibel biyu ko uku don magana ta fito ba sai an ɗaga komai ba. Ya san ma'aunin sinima, inda ƙara kan kai desibel 105 a ƙololuwa, ba na gidan haya ba ne. Ya kuma san abin da masana Fletcher da Munson suka nuna tun 1933, cewa idan aka rage ƙara kunnen ɗan Adam rugugi yake fara rasawa. Shi ya sa yake kunna saitin da ke cike wannan giɓin, da kuma saitin dare mai danne fashewar bam ya ɗaga raɗa. Da waɗannan biyun ana iya kallon fim ɗin yaƙi bayan sallar isha'i a ji komai.

Matakin ƙarshe babu shi a takardar kowane kamfani. Gwani yakan ce wa mai gida su sauka tare su yi sallama da na ƙasa: "Maƙwabci, don Allah a ba mu minti biyar, muna so mu ji abin da ke iso muku." A bar yaro a sama da rimot, a sa wurin da ya fi ƙara a fim ɗin, a riƙa ragewa ta waya har rugugin ya daina isowa. Lambar da aka tsaya a kai sai a rubuta ta a manna a bayan rimot, ita ce iyakar dare. Sannan ya bi wayoyinsa ta gefen kafet da cikin 'yar kwatar roba mai mannewa, ba tare da ya huda bangon mai gidan haya ba.

Don haka idan kana shirin sayen kayan sauti, ware kuɗin kafet da labule da ladan gwani tun kafin ka shiga kasuwa, ko da hakan zai sa ka sayi lasifika uku maimakon shida. Idan ya zo kuma, ka ba shi wuni guda ya yi awonsa da rarrafensa, ka biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba.